Ku Bar Wa Na Baya Rubutun Hannunku

'Ya'yana, akwai wani abu da na lura yana yawaita a gidajen rasuwa a 'yan shekarun nan. Bayan an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, baƙi sun watse, sai magada su zauna su buɗe kayan mamaci. A da, a irin wannan zama akan ci karo da tsohuwar jaka ko adaka cike da takardu ɗaure da zare: wasiƙar da ya aiko wa uwargida lokacin da yake aiki a Ikko, wadda ƙaninsa ya rubuto daga Makka, katin ɗaurin auren wance, takardar bashin da ya biya. A karanta, a yi kuka, a yi dariya, a tuna da mutanen da aka manta. Yanzu abin da ake tararwa waya ce a kulle, ba wanda ya san lambar buɗe ta. A kai ta kasuwa wurin masu gyara, su ce ba ta buɗuwa sai an goge komai. Mutum ya shekara ashirin yana rubutu kullum da babban yatsa, amma ya tafi bai bar wa ɗansa layi ɗaya da zai riƙe a hannu ba.

Kada ku ɗauka faɗa nake yi da waya. Ni ma ina da ita, kuma na san wahalar da ta raba mu da ita. Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, mutum kan rasu a Kano, ɗansa da ke Fatakwal bai ji ba sai an kwana biyu da binne shi. Wanda ya ga wancan zamani ba zai yi fatan komawarsa ba. Saƙon gaggawa na waya ne, haka ciniki, haka tambayar lafiya ta yau da kullum. Abin da nake jiye muku shi ne ku zuba dukkan maganganunku masu nauyi a wurin da ba naku ba. Da yawa cikin yayyenku sun yi soyayya, sun yi zumunci, sun yi alkawura a BBM, aka rufe shi a 2019. Kafin shi an rufe Yahoo Messenger a 2018. Ku tambaye su ko akwai wanda zai iya fito muku da hira guda daga cikin waɗannan. Ba ma sai kamfani ya rufe ba: a fizge waya a Keke Napep, ko ta faɗa ruwa, ko layi ya daɗe ba a amfani da shi a sayar wa wani, shi ke nan. Yau da gobe ba ta bar komai ba, amma ta fi saurin cin abin da ke cikin waya.

Takarda kuwa, da ɗan kula kaɗan, tana jiran jikoki. Ku dubi abin da muka gada. Lokacin da jihadi ya kai iyakar Barno, Shehu Muhammadul Amin Elkanemi ya rubuta wa shugabannin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tambayar hujjarsu ta yaƙar mutanen da ke salla suna azumi. Aka ba shi amsa, ya sake rubutowa, aka sake amsawa. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu bai ɓoye maganar abokin jayayyarsa ba, ya sa wasiƙun a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Saboda haka yau, bayan fiye da shekara ɗari biyu, ɗalibi na iya zama ya ji hujjar kowane ɓangare daga bakin mai ita, ya auna da kansa. Da a bakin 'yan aike kawai aka yi wannan muhawara, da abin da zai iso gare mu labarin wanda ya fi yawan mabiya ne kurum.

Haka kuma da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, domin ta hannun Waziri sarakuna ke rubuto wa Sarkin Musulmi. Wani Bature mai suna Backwell ya fassara su aka buga a 1927. A cikinsu ne za ka ji sarakunan ƙasar nan suna ba da labarin yadda Nasara ke matsowa gari bayan gari, wannan na neman shawara, wancan na bayyana tsoronsa ko ƙudurinsa. Rahotannin Turawa sun faɗi abin da Turawa suka gani. Abin da ke zuciyar mutanenmu a waɗannan shekaru, wasiƙunsu ne suka adana mana shi. Kuma da me aka rubuta su? Alƙalamin kara, tawadar da aka haɗa a gida da ƙaro, da takardar da fatake ke ɗaukowa ta Sahara daga Tarabulus, irin wadda ake yi a Italiya mai alamar jinjirin wata uku idan an ɗaga ta a haske. Kayan da ba su kai kuɗin cajin wayarku ba a lissafin yau, ga su nan har yanzu a gidajen malamai, da Gidan Arewa a Kaduna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke can.

Kakanninmu sun ɗauki rubuta wasiƙa a matsayin ilimi mai zaman kansa. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga sannan ya rasu a Kete Krachi ta ƙasar Ghana ta yau a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi sukutum a kan yadda ake tsara wasiƙa, da samfurin yadda za a rubuta wa sarki da malami da aboki. Bai yi wannan don nishaɗi ba. Fataken goro da ke kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja na bukatarsa, domin amanar dukiya da labarin iyali duk a takarda suke tafiya. Tun kafin su ma, ku tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika da wasiƙu zuwa ga Hiraƙla da Kisra da Najjashi da Muƙauƙis, har aka yi masa zoben azurfa na hatimi da aka gaya masa sarakuna ba sa karɓar takarda marar hatimi.

Na san abin da wani cikinku zai ce: Baba, waɗannan ai sarakuna ne da malamai, ni wa zai damu da takardata? Ɗana, jikanka zai damu. Sojojinmu da aka kai ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu ba sarakuna ba ne. Alhazan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa, suna tsayawa noma ko ƙodago shekara da shekaru kafin su ga Makka, suna ba masu dawowa takarda a kai gida, su ma talakawa ne. Haka dattijan da suka shiga ajin yaƙi da jahilci a shekarun 1950, da yawansu babban burinsu shi ne su iya rubuta wa ɗansu da kansu, su daina kai sirrinsu wurin mai rubutun wasiƙa a bakin gidan waya. Gidan da ya yi sa'a takarda ɗaya daga irin waɗannan ta tsira, ku je ku ga yadda ake riƙe ta.

Dalilin wannan riƙo shi ne rubutun hannu yana ɗauke da mai shi. Harafin da ke waya iri ɗaya ne, ko uwa ce ta rubuta ko ɗan damfara. Amma kowa ya san hannun mahaifinsa daga nesa, yadda yake karkata, yadda yake danna biro har ya fito a bayan takarda, wurin da ya soke kalma ya sake wata. Idan tsufa ya zo, hannun yakan fara rawa, wannan ma yana nan a rubuce. Wanda ya karɓi wasiƙarka ya san ka nemi takarda, ka zauna, ka ajiye sauran harkokinka, ka yi tunaninsa shi kaɗai na wani lokaci. Wannan lokacin da ka kashe shi ne kyautar, kalmomin biye suke. Shi ya sa hoton barka da Juma'a da aka tura wa mutum ɗari a lokaci guda ba ya taɓa zuciyar ko ɗaya daga cikinsu. Kowa ya san ba shi aka nufa ba, yana cikin jeri ne kawai.

Akwai kuma wani amfani da mai rubutun kansa ke samu, kuma a ganina ya fi na farko muhimmanci ga masu shekarunku. Hannu ba ya sauri. Kafin ka gama layi uku, zuciya ta fara sauka. Na ga aure ya mutu saboda saƙon da aka tura da ƙarfe biyu na dare, na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun shekara ba sa gaisawa saboda muryar da aka naɗa cikin fushi aka jefa a zauren dangi na WhatsApp, kowa ya saurara, wasu har sun tura gaba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, kuma waya ta sa zarar ta yi sauƙi fiye da kowane zamani. To idan ranka ya ɓaci da wani wanda ba ka son rasa shi, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke cinka. Ninke ta, sa a ƙarƙashin matashi, ka kwana. Da safe ka karanta. Sau da yawa za ka yage rabi, wani lokaci duka. Abin da ya rage bayan wannan shi ne ainihin ƙorafinka, kuma za ka ga ya fi ƙanƙanta da abin da ka zata, ya kuma fi sauƙin faɗa cikin ladabi.

Ba kullum nake cewa ku rubuta ba. Wurare kaɗan ne, amma su ne masu nauyi. Na farkonsu ta'aziyya. Zumunta a ƙafa take, in da hali a je, takarda ba ta maye gurbin zuwa. Amma ranar rasuwa mai makoki ba ya jin komai. Ɗaruruwan mutane sun ce masa Allah ya jiƙan rai, ba zai tuna fuskar rabinsu ba. Bayan arba'in, lokacin da gida ya yi tsit kuma kewa ta fara da gaske, a nan ne takarda ke aikinta. Kada ka cika ta da jimlolin da kowa ke faɗa. Rubuta abu guda da ka sani game da mamacin wanda wataƙila iyalinsa ba su sani ba: ranar da ya biya maka kuɗin jarrabawa bai gaya wa kowa ba, ko wata magana da ya yi maka a tasha da ta gyara maka hanya. Marayu kan girma suna neman sanin wane ne ubansu. Kai kana riƙe da wani yanki na amsar, kada ka tafi da shi.

Sai godiya. Kowannenku akwai malamin firamare ko na allo da ya sha wahalarsa, yanzu yana zaune a gida da ɗan fanshon da ba ya zuwa a kan kari, yana zaton an manta da shi. In kana da abin ba shi ka ba shi, amma ka haɗa da takarda, ka faɗi abin da ya koya maka da inda ya kai ka. Kuɗin zai ƙare kafin wata ya mutu, takardar kuwa zai riƙa nuna wa baƙi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, sai dai mai yin sa yakan so ya ji inda ya maƙale.

Ke kuma 'yata, da aka kai ki ɗakin miji a wani gari, na san kina kiran Inna kullum. Ci gaba da kira. Amma akwai maganar da kunya ba ta bari a faɗa wa uwa baki da baki. Mu Hausawa ba mu saba ɗiya ta dubi mahaifiyarta ta ce mata ta gode da tarbiyya ba, ɗan fari ma ko sunansa uwar ba ta kamawa. Takarda tana ratsa wannan kunya ba tare da ta keta ta ba. Za ki faɗi abin da ke ranki ba ki ɗaga ido ba, ita ma ta karɓa ba sai ta amsa ba. Haka neman gafara wurin uba ko yaya: abin da harshe ya kasa ɗauka shekara biyar, rabin shafi kan ɗauke shi.

Katin biki da na Sallah ma haka. Ba laifi a buga kati a injin, ko a tura hotonsa ta waya ga jama'a. Amma dattijan dangi da aminan mahaifinka, a kai musu na takarda, ka rubuta sunan kowa da hannunka, ka ƙara layi biyu a baya. Mutanen da suka girma suna sayen katin zaɓe su aika gidan rediyo don a gaishe musu da masoyansu a Zaɓi Sonka sun san darajar a kama sunan mutum. Dattijo ya ga gayyatar auren ɗan amininsa a zauren WhatsApp tare da kowa da kowa, zai zo, amma zai riƙe abin a ransa, kai ba ka sani ba.

Uzurorin da nake ji guda uku ne, kuma duk ba su da ƙarfi. Wani ya ce rubutunsa kamar tonon kaza. To ai ba gasar rubutu ake yi ba, wanda ke son ka wannan karkataccen hannun naka yake so, in dai yana karantuwa. Wani ya ce tsohuwarsa ba ta karatun boko. Iyayenmu da yawa ba su yi ba, amma sun karɓi wasiƙa, sun kira yaro ya karanta musu, sun sa ya maimaita, sannan sun ƙulle ta a gefen zane ko cikin kwalla. In kuma ta yi makarantar allo kuma kana iya ajami, rubuta mata da shi, za ka ga abin mamaki. Na uku su ce gidan waya ya mutu. Gaskiya ne hukumar gidan waya ta yanzu, NIPOST, ba ta da ƙarfin da hukumar P&T ta da ke da shi a idon jama'a, kuma yawancinku ba ku taɓa lasar kan sarki ba. Amma tun fil azal yawancin wasiƙunmu ba ta akwatin gidan waya suke tafiya ba. Direban motar garinku yana tasha kullum, ga ɗan uwa mai tafiya gida, ga hannunka kai kanka: ka je gaisuwa, za ka tashi ka ajiye ambulan ka ce a duba bayan ka tafi.

Sai dai ku yi hattara, daɗewar nan da nake yabo kaifi biyu gare ta. Abin da ka rubuta da hannunka shaida ne a kanka, ba za ka ce an yi maka kutse ba. Kada ka sa sirrin wani a takarda, kada ka rubuta zagi, kada ka yi wa yarinya alkawarin da ba ka da niyyar cikawa. Kafin ka liƙe ambulan, tambayi kanka ko za ka yarda ɗanka ya karanta wannan bayan ranka. A ɗaya gefen kuma, wannan zama shaida shi ne ya sa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da a rubuta bashi a kafa shaidu. Rigingimun gado nawa ne a kotunanmu da rabin shafi mai sa hannu zai kashe su tun ba su tashi ba? Amana tsakanin 'yan uwa ba ta hana rubutu. Masu amanar za su mutu, waɗanda za su gaje su ba su halarci maganar ba.

Idan za ku rubuta, ga 'yan abubuwan da na ga suna raba takardar da ke amfani da wadda ke zama wasa ƙwaƙwalwa ga na baya. Ku sa kwanan wata cikakke har da shekara, da sunan garin da kuke. Ku rubuta cikakken sunanku a ƙasa, domin "ni ne naka" ba zai gaya wa jika komai ba. Ku yi gaisuwa yadda aka saba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, wannan ladabi ne kuma yana da daɗin ji, amma kada wasiƙar ta ƙare a gaisuwa. Ku faɗi abin da ke faruwa: nawa ake sayar da kwanon masara, ko ruwa ya sauka, wa ya haihu, me aka sa wa jariri, me ke ba ku tsoro a wannan shekara. Abin da kuke gani bai kai a rubuta ba, shi ne zai fi daɗin karantawa bayan shekara talatin. Ku yi da Hausa in da ita kuke magana da mutumin, kada ku ari Turancin da zai sa ku zama baƙi a gaban iyayenku. Ku guji jan biro da fensir da tawadar da ke narkewa in ta ji ruwa. Baƙin biro ko shuɗi a kan farar takarda mai kauri ya wadatar.

Sauran magana ita ce takardun da suka riga suka zo hannunku. Yawancin abin da muka rasa ba yaƙi ne ya ci shi ba. Gara ce, da yoyon ɗaki da damina, da ranar da aka tashi gyaran gida wani yaro mai ƙwazo ya kwashe "tarkacen tsoho" ya kai wa mai ƙosai. Akwai kuma wata asara da kyakkyawar niyya ke jawowa: a ga takarda da harufan Larabci, a ce kada a wulaƙanta sunan Allah, a ƙona ta. Niyyar ta yi kyau, amma sau da yawa abin da aka ƙona wasiƙar ajami ce ta kaka, ko takardar gona, ko jerin sunayen zuriya. Kafin a kai komai wuta, a kai wa malamin da ya iya karanta ajami da tsohon rubutun Magaribi ya duba, domin ba kowane mai karatun Larabcin zamani ke iya fitar da shi ba. Abin da aka ga na ajiyewa ne, a warware ninkinsa a hankali, a sa tsakanin fararen takardu, a zuba a akwatin ƙarfe, a ɗora a kan wani abu nesa da ƙasa da bango. Kada a manna masa salatif, kada a kai shi a liƙe da roba mai zafi, domin in an liƙe ba ya ɓantaruwa sai da rubutun. A nan waya za ta yi muku rana: ku ɗauki hoton kowane shafi ku rarraba wa dangi, asalin kuma ya zauna wurin mutum ɗaya da kowa ya sani. In akwai tsoho a gidan da ya san masu sunayen da ke ciki, ku zauna da shi a wannan makon da takarda da biro, ya gaya muku wane ne wane, ku rubuta a wata takarda daban ku haɗa da su.